Sawun da Ya Rage a Hoton Dillali

Da la'asar ɗin ranar Talata Gwaggo, mai gidan hayar, ta miƙa hannu saman kabad don ta sauko da akwatin takardun gida, hannun ya dawo mata da ƙura. Ɗan akwatin ƙarfe ne shuɗi, bai fi a rungume shi ba, amma takardar mallakar gidan tana ciki, kuma ranar Juma'a mai saye zai zo a sa hannu. Kafin ta gama sallallami 'yan haya sun cika tsakar gida, kowa yana satar kallon na kusa da shi.

Gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya, sun kewaye tsakar gidan da aka shafe da siminti tun daga bakin ƙofa har gindin famfo. Babu ɗan hayar da ke son a sayar, don haka babu wanda zargi bai gifta ta kansa ba. Ana cikin cacar baki aka tuna cewa da hantsin ranar Dillali ya zo ya ɗauki hoton gidan don nuna wa mai saye. Aka buga masa waya, ya zo da gumi, riƙe da wata babbar waya mai faɗin faranti.

Hoton ba irin wanda aka saba ba ne. In ka ja shi da yatsa gidan gaba ɗaya yake juyawa, ƙofa bayan ƙofa, har ka dawo inda ka fara. In ka ɗora yatsu biyu ka ware su, abin da ke nesa sai ya taso ya cika fuskar wayar. Dillali ya ja ya ja har ya iso ƙofar Gwaggo, ya ware yatsu. Ga Mai Shara nan a bakin labule, ta sunkuya, da ƙunshi a hammata, ƙunshin kuma yana da kusurwa huɗu.

"To, ai magana ta ƙare," in ji Tela, wanda ba a tambaye shi ba.

Gwaggo ta dubi matar da ta yi shekara tara tana share mata gida. "Baiwar Allah, na ba ki zuwa gobe da la'asar. Ki ajiye min akwatina inda kika ɗauke shi, ko 'yan sanda su tambaye ki. Ɗakin ƙarƙashin benen nan kuma ki fara tattara kayanki."

Mai Shara ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta da kowa a garin, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san haka.

*

A ɗaki na bakwai akwai wani tsoho da ake kira Mai Sawu. Shekara talatin ya yi a gandun daji yana bin sawun mafarautan sata da dabbobin da suka ɓace, har ana cewa in kuturun ƙadangare ya wuce zai faɗa maka wane yatsa ya rasa. Da matarsa ta rasu, 'yarsa ta kama masa ɗakin nan ta koma garin da take aiki, ta bar masa waya da alkawarin kira duk Talata. Tana cika alkawarin, ba laifi. Sauran kwana shidan ne ba wanda ya yi alkawarinsu.

Abin da ya riƙe shi a gidan benci ne guda a bakin ƙofa, da mai gadin da ke zama a kai. Soja ake kiransa, ko da yake bai taɓa riƙe abin da ya wuce sandarsa mai robar baƙa a gindi ba. Shekara bakwai suna raba butar shayi ɗaya da rediyo ɗaya, wani lokaci su wuni ba su yi magana goma ba, kuma kowannensu ya koma ɗaki da jin cewa ya yi hira.

Washegari da sassafe Mai Shara ta durƙusa a ƙofarsa.

"Baba, an ce kana karanta ƙasa."

"Wace ƙasa, 'yar nan? Ba ki ga sun binne ta da siminti ba?" Ya dube ta. Idonta ya kumbura. "Me ke cikin ƙunshin?"

Ta yi ƙasa da kai. "Kwali ne. Guntayen ƙyallen da Tela yake zubarwa nake tarawa, ina haɗa mayafi. Kunya ce ta hana ni faɗa a gaban mutane. Na leƙa ɗakin Gwaggo ne in tambaye ta ko tana da wanki, ta ce babu, na wuce famfo da nawa."

Mai Sawu bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Amma da ta tafi ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba, wato an zo ƙofarsa don ana bukatarsa. Ya sa hula ya fito.

*

Da Tela ya fara, domin shi ya fi kowa ɗaga murya. Makon da ya wuce ya rantse a gaban jama'a cewa sai dai a sayar da gidan da shi a ciki, kuma an ga shagonsa a kulle da hantsin Talata.

"Ina ka je?" Mai Sawu ya tambaya.

"Sayen zare."

Tsohon ya dubi takalmin da ke ƙarƙashin keken ɗinki. "Masu sayar da zare sun fara farin fenti a ƙasa ke nan."

Tela ya tsayar da keke, ya leƙa waje, ya rage murya. "Baba, don Allah ka rufa min asiri. Wani shago na je dubawa a bayan tasha, ana cikin yi masa fenti. In mutanen gidan nan suka ji ni da nake cewa kada kowa ya motsa ni na fara neman mafita, ai ba zan ƙara shan ruwa a famfon can ba."

Mai Sawu ya bar shi da kunyarsa, ya nufi wurin Gwaggo. Ya same ta zaune a bakin gado, ta zuba wa saman kabad ido.

"Yaushe kika yi wa akwatin ganin ƙarshe?"

"Ina ce na faɗa? Dillali yana cikin ɗaukar hotonsa na tuna ban nuna masa ɗakunan sama ba. Na shigo na ɗauki makullai, a gefen akwatin suke, da idona na gan shi. Muka hau sama tare."

"Kin kulle ɗakin?"

"A gidana? Labule kawai na saki."

"Lokacin da kika ɗauki makullan, Mai Shara ta riga ta leƙo?"

Gwaggo ta yi tsaki. "Ni na riƙe wannan? Hoto dai ya nuna ta."

Da ya fito ya zauna a benci. Soja ya zuba masa shayi bai dube shi ba.

"Ka bar wahalar da kanka, tsoho. Idonka ya gaji."

"Za su kai ta ofishin 'yan sanda."

"Ba za su kai ba. Gwaggo faɗa ne da ita, ba mugunta ba." Soja ya juya sandarsa a tsakanin gwiwoyi. "Kai dai ka san ni ina nan tare da kai jiya."

"Na sani," in ji Mai Sawu. Haka ma ya faɗa wa jama'a tun jiya, da aka zo kan maganar mai gadi.

*

Da rana ta take Dillali ya dawo, Mai Sawu ya roƙe shi aron wayar. Sai da aka sha fama. Yatsun tsohon sun bushe sun yi kanta, ya taɓa gilashin bai ji shi ba, ya danna da ƙarfi hoton ya gudu ya bar shi da sararin sama. Dillali ya kama hannunsa kamar mai koya wa yaro rubutu.

"A hankali, Baba. Ware yatsu, ya matso. Tsuke su, ya koma nesa ka ga gidan duka."

Can sai tsohon ya yi murmushi shi kaɗai. Ashe aikinsa ne aka zuba a gilashi. A daji mutum yakan tsaya tsaye ya dubi fili, ya tsuguna ya dubi ƙasa, ya sake miƙewa ya ga inda abin da ya gani ya dosa. Mutanen gidan nan sun tsuguna a kan ƙunshin Mai Shara tun jiya, babu wanda ya miƙe.

Ya tsuke yatsu, gidan ya koma ƙarami. Ya fara daga bakin ƙofa, inda ya ga kansa da Soja a benci, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Mai Shara a ƙofar Gwaggo, ya ci gaba har can gindin famfo. Nan ya tsaya. Wata mace ta ba da baya tana wanki, da kwali a gefenta.

"Wannan wace ce?"

Dillali ya leƙo, ya yi dariya. "Ita ce dai. Haka yake yi in mutum ya motsa. Ai ba hoto ɗaya ba ne, Baba, goma sha biyu ne na'ura ta ɗinke su. Ina kafa kyamara a tsakiya, in ɗauka, in juya ta kaɗan, in sake ɗauka."

"A tare ka ɗauke su?"

"Biyar na ɗauka Gwaggo ta kira ni sama. Mun fi minti ashirin can. Da na sauko na ƙarasa bakwai."

Mai Sawu ya sake duban gilashin. Wato hoton ba tsaye yake ba, tafiya yake yi kamar sawu, hagunsa ya girmi damansa. Ya koma ƙofar Gwaggo ya nemi inda aka ɗinke na biyar da na shida. Bai sha wuya ba. Inuwar igiyar shanya ta zo ta karye a wurin, kuma ruwan wankin da ya gangaro daga famfo ya ratsa tsakar gida ya zo ya yanke ƙit, a miƙe kamar an sa wuƙa. A ɓangaren da Mai Shara take tsaye siminti a bushe yake. A ɓangaren da ke biye ya jiƙe.

Ya ware yatsu a ɓangare na shidan, a kan busasshen simintin da ke tsakanin ruwan da dakalin Gwaggo. Siminti ba ya riƙe sawu, gaskiya ne, amma in ƙafa ta taka ruwa yakan riƙe na ɗan lokaci kafin rana ta lashe. Kyamara ta riga rana. Sawun mutum ɗaya ne, babban takalmi, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ya tafi wajen ɗakin, ya dawo. A tafiyar, kusa da kowane taku na dama akwai wani ɗigo zagayayye kamar bakin kwalba. A dawowar, bayan ya sake taka ruwan, takun ya gajarta, ɗigon kuma babu shi.

Sai a lokacin ya tuna jiya Talata ce. 'Yarsa ta kira da hantsi, ya tashi daga benci ya shiga ɗaki don ya ji ta sosai, kuma ya ja hirar iya yadda zai iya, kamar kullum.

Ya miƙa wa Dillali wayar.

"Ka ga wani abu, Baba?"

"Ka dawo da ita da la'asar," ya ce.

*

Bai je benci ba. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin katifa, yana jin rediyon Soja daga nesa. Babu wanda ya ga ɗigon nan sai shi, kuma ko an gani babu mai iya karanta shi. In ya yi shiru, gobe da safe akwai shayi. In ya yi shiru kuma, mace mai haɗa mayafi da guntayen ƙyalle za ta kwana a bayan kantar 'yan sanda. Ya ji haushin idonsa da bai mutu ba, ya ji haushin Dillali da kyamararsa, ya ji haushin kansa da ya ji daɗi da safe don an zo ƙofarsa.

Daf da la'asar ya fito ya tsaya a gaban bencin.

"Soja, akwai abin da kake so ka faɗa min kafin a taru?"

Soja ya rage muryar rediyo, ya daɗe yana kallon ƙofar gida. "Shayinka ya huce," ya ce.

*

Aka taru a tsakar gida. Gwaggo a kujera, Mai Shara a tsaye da ƙullin kayanta a ƙafa, Tela a gaba-gaba, Soja can baya a bencinsa. Mai Sawu ya karɓi wayar, ya tsuke yatsu, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani.

"Ga ta a ƙofar Gwaggo. Ga ta kuma a famfo. Ko dai matar nan biyu ce, ko hoton ba lokaci ɗaya aka ɗauke shi ba."

Wani ya yi dariya. Dillali ya yi bayanin hotuna goma sha biyun da hawansu sama.

"Da ta leƙa ɗakin, ƙasa a bushe take, Dillali yana tsaye yana ɗauka," in ji Mai Sawu. "Bayan nan Gwaggo ta shiga ta ɗauki makullai, ta ga akwatinta. Haka ne, Gwaggo?"

Gwaggo ta gyara zama. "Haka ne."

"To akwatin yana nan bayan ta wuce. Ruwan wankinta ne ya jiƙa tsakar gida, kuma duk wanda ya je ɗakin bayan haka sai ya taka shi." Ya ware yatsu, sawun ya cika gilashin. "Mutum ɗaya ya taka. Ba ƙafarta ba ce, wannan ta ninka tata. Ya tafi da abu a hannunsa yana dogarawa. Ya dawo ya maƙale abin a hammata, domin hannayensa biyu sun cika."

Ya tsaya nan. Shekara talatin yana kai mutane har bakin ramin abin da suke nema, bai taɓa jin nauyin ɗaga yatsa ya nuna ba sai yau. Sai aka ji ƙarar sanda a kan siminti, taku, ɗigo, taku, ɗigo, tana nufar ɗan ɗakin gadi. Da takun ya dawo babu ƙarar sandar. Soja ya ajiye akwatin shuɗi a gaban Gwaggo, kwaɗonsa ko taɓa shi ba a yi ba.

"Kai?" in ji Gwaggo. "Shekara ashirin da biyu, kai?"

"Ban buɗe ba. Cewa na yi in Juma'a ta wuce mai sayen zai yi fushi ya tafi, in mayar miki." Ya juya wajen Mai Shara, ya cire hula. "Ƙanwata, ki yafe min. Na ɗauka faɗa za a yi a bari. Da na ga ya faɗo kanki sai bakina ya mutu."

Mai Shara ta share hawayenta da bakin zane.

Sannan Soja ya dubi Mai Sawu, kuma babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi fushin ciwo.

"Kai in an sayar, 'yarka za ta zo ta ɗauke ka. Tela ya sami shago, kowa ya san inda zai nufa. Ni wa zai zo ya ɗauke ni?"

Gwaggo ta jawo akwatinta ta ɗora a cinya. Tela ya kawar da kai.

*

Gwaggo ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ce Soja ya bar mata makullin ƙofa, shi ke nan. Ranar Alhamis da safe Mai Sawu ya fito ya tarar da ɗakin gadi a buɗe, an share shi tas. A kan benci an bar butar shayi da rediyo.

Ya fita waje. A bakin ƙofa akwai 'yar ƙasa da siminti bai kai ba, kuma sawun yana nan sabo, ƙafar hagu tana ja, ɗigo a gefen dama. Ya bi shi. Ya wuce shagon mai faci, ya wuce kwatar da yara suke tsallakawa, ya ga inda mutumin ya tsaya ya sauya wa jakarsa kafaɗa, ya ga inda ya juyo ya fuskanci gidan ya daɗe a tsaye. Daga nan taku goma sha huɗu ne zuwa bakin kwalta. Motoci suna wucewa ta kowane gefe. Ya tsuguna, ya miƙe, ya sake tsugunawa, babu abin da kwalta ta riƙe masa.

Ranar Juma'a aka sa hannu. Kafin Dillali ya tafi, Mai Sawu ya tare shi ya roƙe shi ya zuba masa hoton a tasa wayar.

"Na sawun kake so, Baba?"

"Duka."

Mai Shara ta kawo masa ruwan zafi ba tare da ya tambaya ba, ta ajiye ta koma bakin aikinta. Ya zauna a gefensa na bencin, ya bar ɗaya gefen yadda yake. Ya ja hoton da yatsa har ya dawo farkonsa, inda tsofaffi biyu suke zaune da buta a tsakaninsu, ɗaya yana zuba wa ɗaya. A shekara bakwai wannan ne kaɗai hoton da suka taɓa fitowa tare. Ya ware yatsu fuskar Soja ta matso, ya ƙara warewa ta ƙara matsowa, har ta narke ta zama ƙananan gidaje masu launin ƙasa da ba su yi kama da kowa ba. Ya tsuke yatsun a hankali har mutumin ya dawo, ya bar shi a daidai nan, ya jingina wayar a jikin rediyo. Sannan ya zuba shayi kofi ɗaya.